Jagora ga Masu Mangaza a Damagaram: Zaɓen Motar Ɗaga Kaya Mai Batir, Biyan Kuɗinta da Komawa Aiki da Ita

Duk wanda ya taɓa shiga mangazar hatsi a watan Afrilu, ƙofa ɗaya ce a buɗe, ga motar ɗaga kaya mai gazuwal tana ruri a tsakanin buhunan wake, ya san dalilin da ya sa ake maganar komawa mai batir. Hayaƙi yana tsayawa a ƙarƙashin kwano, baƙin toka yana sauka a kan buhuna, ma'aikata kuma suna tashi da ciwon kai kafin azahar. Motar da ke aiki da batir ba ta fitar da hayaƙi, ba ta da ƙara, ba a canza mata baƙin mai ko matatar gazuwal. Amma a garinmu akwai abubuwa uku da takardun tallan kamfanoni ba su cika lissafawa ba, wato zafi, ƙura da yankewar wuta, kuma su ne za su yanke hukunci a kan ko sayen zai zama riba ko asara. Saboda haka motar ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a biya kuɗinsa, bayan an gama da daɓe, da katakon ɗora kaya, da wuta.

Mataki na farko: a auna aikin kafin a duba hoton mota

Ka ɗauki littafi ka ba amintaccen yaronka, ya yi makonni biyu ko uku yana rubuta abin da ke faruwa a mangaza: manyan motoci nawa ake saukewa ko lodawa a rana, tan nawa kowace ke ɗauke da shi, da kuma awa nawa ake ainihin motsa kaya. Yawancin masu mangaza suna mamakin sakamakon, domin wurin da ake buɗewa daga safe zuwa magariba sau da yawa aikin ɗaga kayansa bai wuce awa huɗu ko biyar ba. A yi wannan awon sau biyu, ɗaya a lokacin kaka da wake da riɗi da gero ke shigowa babu ƙaƙƙautawa, ɗaya kuma a lokacin da kasuwa ta lafa, domin motar da aka saya da lissafin kaka kaɗai za ta yi rabin shekara tana barci alhali bashinta yana tafiya.

Daga nan sai a zo kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu: shin kayanka a kan palet suke? Motar ɗaga kaya ba ta ɗaukar buhu ɗaya-ɗaya, cokulanta suna shiga ne a ƙarƙashin wannan katakon da aka jera kaya a kansa. Mafi yawan manyan motocin da ke zuwa Damagaram da shinkafa, sukari, taki ko siminti, a zube ake loda musu buhuna. Ke nan sai ƴan dako sun jera su a kan palet a bakin mota kafin injin ya ɗauka. Buhu 20 masu kilo 50 su ne tan ɗaya, don haka mangaza mai ɗaukar tan 500 tana bukatar palet ɗaruruwa, kuma wannan kuɗi ne na daban da mutane da yawa ke mantawa da shi. Girman da aka fi sani shi ne santimita 120 da 80, da kuma 120 da 100. Kafintocin gari suna iya yin su, amma a ba su samfuri guda su bi, a kuma tsare katakon daga gara.

Sai daɓe da ƙofa. Na taɓa tsayawa a wata mangaza ina kallon sabuwar mota ta maƙale a bakin ƙofa, saboda tsakanin simintin ciki da ƙasar waje akwai gangara mai rairayi da motocin kaya suka riga suka tona. Ƙafafunta na gaba suna ta juyawa suna haƙa rami, palet ɗin sukari yana lilo a sama, sai da aka kawo faifan ƙarfe aka shimfiɗa kafin ta fita. Motar batir tana da nauyi ƙwarai, wadda ke ɗaga tan biyu da rabi nauyin kanta ya kan wuce tan huɗu, kuma cikinta yana kusa da ƙasa. Idan filin saukar kayanka rairayi ne, ko ka zuba masa siminti mai kauri, ko ka bar tsohuwar mai gazuwal ta ci gaba da aikin waje.

Mataki na biyu: zaɓen nau'i da ƙarfi

Ba kowace mangaza ce ke bukatar babbar motar da direba ke hawa ba. Idan aikinka jan kaya ne daga ƙofa zuwa ciki ba tare da ɗorawa sama ba, ƙaramin keken palet mai batir, wanda mutum ke bi a ƙasa yana riƙe da hannunsa, ya isa, kuma kuɗinsa kaɗan ne daga na babbar mota. Idan kana ɗora palet a kan wani ko a kan kanta mai hawa biyu ko uku a wuri matsattse, akwai mai ɗagawa sama da shi ma ake bi a ƙasa. Babbar mota mai nauyi a baya ita ce ta loda manyan motoci da shiga kwantena. Mai ƙafa uku tana juyawa a ƙaramin wuri amma ƙarfinta bai cika wuce tan biyu ba, mai ƙafa huɗu kuwa ta fi tsayuwa daram a daɓen da ba shi da kyau sosai, kuma ita na fi ba mutanenmu shawarar su duba. Tana bukatar hanya mai faɗin kusan mita huɗu tsakanin layukan kaya.

A kula da lambar ƙarfin da ake rubutawa. Idan aka ce mota tana ɗaga tan biyu da rabi, ana nufin idan tsakiyar nauyin kayan yana nesa da gindin cokula da santimita 50, a wasu motocin kuma 60, kuma ba a kai ƙarshen tsawo ba. Da zarar kaya sun yi tsawo zuwa gaba, ko aka ɗaga su can sama, ƙarfin yana raguwa. Akwai farantin ƙarfe a jikin kowace mota kusa da kujerar direba da ke nuna wannan, kuma shi ne abin dogaro, ba bakin dillali ba. Motar da aka cire wa wannan farantin kada a saye ta. Wanda zai riƙa shiga kwantena ya nemi mai tsani hawa uku wadda cokulanta ke iya tashi ba tare da tsanin ya miƙe ba, domin ƙofar kwantena ta yau da kullum ba ta kai mita biyu da santimita 30 ba. A auna ƙofar mangaza ita ma. Tayoyi kuwa a zaɓi na roba zalla marasa iska, saboda ƙusoshin palet.

Game da kamfani, akwai Toyota, Linde, Still, Jungheinrich da Hyster, akwai kuma na ƙasar Sin irin su Heli, Hangcha da BYD waɗanda suka fi sauƙin kuɗi. A ganina sunan bai kai wannan tambayar muhimmanci ba: idan na'urar da ke sarrafa wutar motar ta ƙone, wa zai zo, daga ina, kuma cikin kwana nawa? Bakaniken gareji yana iya kwance injin gazuwal ya ɗaura, amma motar batir sau da yawa sai an jona mata kwamfuta kafin a gane cutarta. Yamai tana nesa da mu da kusan kilomita 900, Kano ta fi kusa amma akwai iyaka a tsakani. Mai sayarwar da ba zai rubuta a takarda cewa yana da ma'aikaci da kayan gyara ba, araharsa tsada ce.

Mataki na uku: batir, inda rabin maganar take

Batir iri biyu ne. Na farko shi ne mai dalma da ruwan asid, ɗan'uwan na mota amma ƙato, nauyinsa ya kan kai tan ɗaya ko fiye. Ya fi sauƙin kuɗi a sayen farko. Ƙa'idarsa da aka sani ita ce awa takwas na aiki, takwas na caji, takwas na hucewa, kuma idan an kula da shi ya kan yi caji kusan 1,500. Ba a barin sa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ba a yawan katse masa caji, kuma ana ƙara masa ruwan batir tatacce bayan ya cika, ba kafin caji ba. Yayin caji yana fitar da iskar haidurojin wadda ke iya fashewa idan ta taru, don haka ɗakin cajinsa dole ya kasance mai iska, babu sigari, babu walda a kusa.

Matsalarsa a Damagaram zafi ne. Ƙa'idar da masu batir ke bi ita ce duk ƙarin maki 10 a kan zafin da aka ƙera shi dominsa yana rage rabin rayuwarsa, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana wuce maki 40 a inuwa, ƙarƙashin kwanon mangaza kuma ya fi haka. Ruwansa yana saurin ƙonewa. Wani mai mangaza da na sani ya rasa batir cikin ɗan lokaci saboda ruwan batir ya ƙare, mai gadi ya cika shi da ruwan rijiya da kyakkyawar niyya. Gishirin da ke cikin ruwan ya cinye farantan, motar da ke yin yini ta koma ba ta kai hantsi. Idan babu mutum guda da za a ɗora wa alhakin batir, da littafin da yake sa hannu kowane mako, gara kada a sayi irin wannan.

Na biyu shi ne na litiyom, musamman nau'in da ake kira LFP. Ba a zuba masa ruwa, ya kan cika cikin awa ɗaya zuwa biyu idan caja tana da ƙarfi, yana yin caji ninki biyu na mai dalma ko fiye, kuma ana iya jona shi a duk lokacin da aka samu sarari, ko da rabin awa ne lokacin sallar azahar da cin abinci. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce ta dace da garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Ya fi tsada a farko, kuma shi ma ba ya son zafi: akwai na'ura a cikinsa da ke dakatar da caji idan ya yi zafi da yawa, don haka a tambayi mai sayarwa iyakar zafin cajinsa a rubuce. Wanda ke son sauya batirin tsohuwar mota zuwa litiyom ya tuna cewa nauyin batir yana cikin abin da ke hana mota kifewa gaba. Litiyom ya fi sauƙi, dole a cika nauyin ya kai abin da farantin motar ya ce.

Ga mai son ta hannu daga Turai: kuɗin sabon batir babban kaso ne na darajar motar, saboda haka mota mai kyan fenti da mataccen batir ba araha ba ce. A duba awannin aikin da ke kan allonta, a duba shekarar ƙera batirin, a cika shi, a sa ta aiki da kaya na ainihi na awanni kafin a miƙa kuɗi.

Mataki na huɗu: wuta

Cajar babbar mota tana bukatar wuta mai layi uku, volt 380 zuwa 400, kuma tana iya jan kilowat goma ko fiye, ta litiyom mai sauri ma ta zarce haka. Mangazar da ke da mitar fitila da fanka kawai ba za ta ɗauka ba. A kai takardar bayanin cajar ofishin kamfanin wuta na NIGELEC tun kafin a yi odar mota, a nemi ƙarin ƙarfi, a ji kuɗinsa da lokacin da zai ɗauka. A sa ƙwararren mai wuta ya ja wa cajar layinta ita kaɗai, da waya ta ƙasa mai kyau, da na'urar kariya daga hauhawar wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke kashe caja.

Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasarmu, kuma ko a shekarar lafiya lokacin zafi ba ya rasa ɗauke wuta. Dole a yi tanadi. Amma a nan akwai lissafin da ya kamata kowa ya yi da alƙalaminsa. A matsayin misali, a ce mai gazuwal tana shan lita biyu da rabi a awa, tana aiki awa biyar a rana, kwana 26 a wata: lita 325 ke nan. A ce mai batir tana cin awon wuta bakwai a mita a kowace awa ta aiki, har da abin da ke ɓacewa a caja: awo 910 ke nan a wata. Ka ninka na farko da kuɗin lita a gidan mai, na biyu da kuɗin awo a takardar wutarka, bambancin shi ne ribarka. To amma idan da janareto za ka riƙa caji kullum, lita ɗaya ba ta ba da fiye da awo uku da ɗan kai, wato kusan lita 300 a wata. Ka koma gidan jiya, sai dai hayaƙin ya fita daga mangaza zuwa tsakar gida. A garin da matatar man fetur ta SORAZ ke maƙwabtaka da shi tun 2011, wannan lissafin ba abin rainawa ba ne.

Abin da ke gyara lissafin shi ne rana, wadda Allah ya hore mana. Allunan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya suna ba da awo huɗu zuwa biyar a yini a yankinmu, don haka awo 35 na misalinmu suna bukatar kusan kilowat takwas, kuma rufin mangaza ya isa ya ɗauka. Sai dai a tabbatar injin juya wutar yana ba da layi uku kuma yana iya ɗaukar cajar, a kuma riƙa share allunan a lokacin hunturu.

Mataki na biyar: kuɗi

Kada a kwatanta farashin mota da farashin mota. A rubuta abin da kowace za ta ci cikin shekara biyar: kuɗin saye, dako, duwan, harajin TVA wanda yake kashi 19 cikin ɗari a Nijar, caja, aikin wuta, daɓe, palet, inshora, mai ko wuta, gyara, da canjin batir idan mai dalma ne. Mai batir ta fi tsada a ranar saye, tana ramawa ne a hankali ta hanyar awannin aiki. Wanda motarsa ke aiki awa biyar ko shida kullum zai ga ramuwar, wanda tasa ke aiki awa ɗaya zai daɗe bai gani ba.

A tambayi mai sayarwa inda farashinsa ya tsaya: a ƙofar masana'anta, a tashar jirgin ruwa, ko a ƙofar mangazarka. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Batirin litiyom kuma ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari a sufuri, yana da nasa takardu. A sa wakilin duwan ya fitar da lissafi a rubuce tun da wuri. Farashin da aka yanka da yuro ba ya motsi a kanmu, domin yuro ɗaya sefa 655.957 ne, amma na dala yana iya canzawa tsakanin ranar oda da ranar biya.

Hanyoyin biya huɗu ne. Biya lakadan ya fi sauƙi, amma ɗan kasuwar hatsi ya san cewa kuɗin da ya zuba a ƙarfe a watan Oktoba kuɗin wake ne da bai saya ba. Bashin banki yana bukatar rajistar kasuwanci, lambar haraji, bayanan shige da ficen asusu da jingina, kuma bankuna irin su SONIBANK, BIA, Bank of Africa, Ecobank da BAGRI mai kula da harkar noma duk ana iya tuntuɓarsu a kwatanta. A nemi jimillar abin da za a biya har ƙarshe, da kuɗin takardu da inshora, ba kason ruwa kaɗai ba. Hanya ta uku ita ce haya mai ƙarewa da mallaka, inda motar ke zama ta mai ba da kuɗi har a gama biya, abin da ke rage nauyin jingina. Ga wanda ba ya son mu'amala da ruwa, akwai murabaha, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da ribar da aka sani a biya kashi-kashi, da kuma ijara, wato haya bisa tsarin Musulunci, ana iya tambayar su a Bankin Musulunci na Nijar. Ko wace aka zaɓa, a roƙi a daidaita biya da lokacin da kuɗi ke shigowa, kuma kada wa'adin bashi ya wuce garantin batir da nisa. Ta huɗu ita ce haɗa hannu: mangazu biyu ko uku da ke jere suna iya sayen guda, muddin an rubuta wanda ke da alhakin caji da gyara.

Mataki na shida: komawa aiki da ita

Kada a sayar da tsohuwar mota a ranar da sabuwa ta iso. A bar su tare har a wuce lokacin zafi ɗaya da kaka ɗaya, sabuwa a ciki, tsohuwa a fili da ranakun da wuta ta ƙi. A ware wurin caji a inuwa mai iska, nesa da buhuna, a kafa cajar a bango sama da ƙasa, a ajiye abin kashe gobara kusa.

Direban da ya saba da gazuwal yana bukatar kwanaki kafin hannunsa ya faɗa. Mai batir tana zabura nan take, kuma da an ɗaga ƙafa take rage gudu da kanta. Shirunta ma haɗari ne, domin ɗan dako mai buhu a ka ba zai ji zuwanta ba, saboda haka a shata hanyar mota da fenti, a wajabta danna oda a kowace kwanar hanya, a tabbatar ƙararrawar baya tana aiki. Sauran ƙa'idoji ba su canza ba: cokula a ƙasa yayin tafiya, kaya suna fuskantar sama a kan gangara, ba a ɗaukar mutum a cokali, direba ya ɗaura bel. Ƙurar hunturu kuwa da busasshiyar iska ake hure ta daga injin da caja kowane mako, ba a taɓa watsa wa motar ruwa da tiyo.

A zauna da shugaban ƴan dako tun kafin motar ta iso, a faɗa masa gaskiyar abin da zai canza. Jera buhu a kan palet da sauke shi a cikin babbar mota aikinsu ne har yanzu, abin da zai ragu shi ne doguwar tafiya da kaya a ka da hawa saman tsibi, don haka sai an sake yanka kuɗin buhu a kan sabon tsarin. Daga cikinsu ne ya fi dacewa a zaɓi matasa biyu a koya musu tuƙi, domin sun riga sun san yadda tsibin buhu ke zamewa. A watanni ukun farko a riƙa rubuta awannin da ke kan allon motar da awon da mitar caja ta nuna a ƙarshen kowane mako, a ajiye su kusa da lissafin da aka yi kafin saye, kuma da waɗannan alƙaluman za a yanke shawarar sayen ta biyu ko sayar da mai gazuwal.